Shaida Na Huɗu

'Yan uwa masu biye da ni, yau ba da wasa na zo ba, don haka wadda ke kan girki ta sauke tukunya tukuna. Kwana biyu kacal zan ba ku labarinsu, Alhamis da Juma'a. Shari'ar da ke ciki an daɗe da rufe ta, shi ya sa bakina ya buɗe. A lokacin ko Umma da ta haife ni ba ta ji wannan daga gare ni ba.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni: lauya ce ni, shekarata ashirin da tara a lokacin, kuma ba irin lauyar da kuke gani a talabijin tana nuna ɓarawo da yatsa ba. Ofishinmu rigimar manyan gine-gine muke yi, irin su matatar mai da masana'antar taki da tashar wutar lantarki. Idan mai aiki da ɗan kwangila suka saɓa, ba kotu suke zuwa ba. Masana uku ake zaɓa, a shiga ɗakin taro a rufe ƙofa, kowa ya kawo takardunsa da shaidunsa, abin da ukun nan suka yanke shi ke nan. Zaman sasanci ake ce masa, amma kada sunan ya ruɗe ku, fafatawa ce ta masu kwat.

Umma ba ta taɓa gane aikin ba. Idan ƙawayenta suka tambaye ta sai ta ce, “Tana can tana karanta kwali.” Kuma ba ƙarya ta yi ba. Ɗakin fayil ɗinmu ba shi da taga, kwalaye ne jere har rufi, ni ina tsakiya da silifas, takalmin gayun yana ƙarƙashin tebur yana hutawa. Manema biyu na rasa a ɗakin nan. Na farko ya gaji da jin “ina ofis”, na biyu ya ce in zaɓa, na zaɓa.

Wata goma sha huɗu na yi a kan shari'a ɗaya. Tashar wuta ce mai aiki da gas, mu ne lauyoyin masu tashar. Harsashin kankaren da aka ɗora babban inji na uku a kansa ya tsage tun ba a shekara da kunna shi ba, dole aka kashe injin. 'Yan kwangila suka ce zanen da aka ba su ne bai yi ba. Mu muka ce zubin ne aka ɓata. Kankaren irin wannan harsashi a tashi ɗaya ake zuba shi, mota na fita mota na shiga. Idan aka tsaya har na ƙasa ya fara bushewa kafin a zuba na sama, ba za su kama juna ba. Daga waje ka ga dutse guda, a ciki kuwa biyu ne. Mun san haka aka yi, hujja ce ba mu da ita.

A irin wannan aiki, kowane injiniya mai kula da rukuni yana da littafin da yake cikawa kullum da hannunsa: leburori nawa, mota nawa, an yi ruwa ko ba a yi ba. Na rukuni na uku, inda harsashin nan yake, aka jibge mini, shafi ɗari shida da 'yan kai. Ba suna a jiki, sai lambar ma'aikaci da wani sa hannu mai kama da tsutsa. Mun nemi sunan mai shi, lauyoyin can suka ce ma gani ranar musayar shaidu.

Sai da na san mutumin nan ta rubutunsa. Ƙazamin marubuci ne na gaske, ko'ina tabon shayi da shatin yatsa mai siminti da gogewa. A gefen shafi yake faɗa da janareto. Wata rana ya rubuta, “Leburori ba su ci abinci ba sai ƙarfe uku, wannan ba daidai ba ne,” ya ja layi biyu a ƙasa. Ba zan ɓoye muku ba, ya burge ni.

Sai shafin ranar sha huɗu, ranar zubin harsashin. Fes yake. Ba tabo, ba gogewa, layuka a miƙe kamar na ɗalibar da ke neman kyauta. “An fara zubi ƙarfe bakwai na safe, an gama ƙarfe shida na yamma, ba tsaiko.” Tsaftar shafin ce ta tsaya mini a rai. Na yi sati uku ina tonon kwalaye har na faɗa kan wanda ba wanda ya damu ya buɗe, na littattafan maigadin ƙofa. Bawan Allah nan duk motar da ta shiga sai ya rubuta lambarta da lokaci. Ranar sha huɗu, daga sha ɗaya da kwata har huɗu saura kwata, ko motar kankare ɗaya ba ta shiga ba.

Shugabar ofishinmu, wadda muke ce wa Babba a bayan idonta, mace ce da shekara biyar ina ƙarƙashinta ban taɓa jin ta ce “madalla” ba. Da na ajiye mata littattafan biyu gefe da gefe sai ta cire tabarau ta dube ni.

“Ke za ki yi masa tambayoyi ranar zama.”

Ni da ban taɓa miƙewa gaban masu hukunci ba sai dai miƙa takarda! Tambaya arba'in da ɗaya na tsara, kowace tana rufe masa ƙofa ɗaya, ta yadda in ya kai ta ƙarshe ba inda zai juya. Har a banɗaki nake bitarsu.

To, bari mu koma gida, don na san abin da kuke jira ke nan.

Wata takwas kafin nan katangar gidanmu ta tsage, Yayana ya kawo wani abokinsa injiniya ya duba. Dogo ne, mai ɗan saje, hular kwano a hammata. Minti talatin ya yi yana yi wa Abba bayanin siminti, Abba yana gyaɗa kai don kunya. Na kawo musu ruwa, na ji ya faɗi wani abu game da haƙƙin magini a kwangila wanda ba haka yake ba, bakina ya ƙi haƙuri na gyara masa. Ya juyo ya kalle ni, ya ce wa Yaya, “Ba ka gaya mini akwai alƙali a gidan ba.” A daren na ajiye lambarsa a wayata da sunan Siminti, kuma har yau ban canza ba.

Wani kamfanin gadoji yake wa aiki. Tun farko ya ce mini, “Akwai wani aiki da na yi a baya, an sa mu mun sa hannu ba za mu yi maganarsa ba, kada ki ga kamar ina ɓoye miki.” Na ce, “Ka samu daidai da kai, ni ma shari'ata ba a maganarta.” Har alfahari muke da abin. Ya kira ya ce, “Yaya aikin can?” in ce, “Yana can. Naka fa?” ya ce, “Ya wuce.” Mu yi dariya mu shiga hirar gidan da za mu kama da yawan tagogin da nake so. Rubutun hannunsa kuwa ban taɓa gani ba. Ina zan gan shi? Komai namu a waya yake.

Ranar Asabar kawunnansa za su zo wajen Abba. Ranar Alhamis ƙarfe huɗu kuma za a yi musayar shaidu. Ƙa'idar ita ce ɓangarorin biyu su turo rubutattun bayanan shaidunsu a minti ɗaya, don kada wani ya leƙa na wani ya gyara nasa.

Huɗu saura ashirin ina zaune gaban kwamfuta cikin baƙar doguwar riga da mayafi ruwan toka, saƙonsa ya shigo.

“Kawu ya kai kayansa wajen guga tun yau. Asabar fa ta matso, ranki ya daɗe. Kin shirya?”

Na rubuta, “Ni lauya ce, a shirye aka haife ni.”

Ya turo fuskar dariya uku da hoton sabon takalmin da ya saya, wai in duba ko Abba zai yarda da mai irin wannan ƙafa.

Ƙarfe huɗu daidai saƙon lauyoyin can ya faɗo. Shaidu shida. Na buɗe jerin ina 'yar waƙata, don yau zan san sunan mai tsutsa. Na ɗaya manajan aiki, na biyu mai zane, na uku mai gwajin kankare. Na huɗu na karanta sau uku. Sunansa ne cikakke, har da na mahaifinsa, sunan da na yi wata takwas ina gwada shi kusa da nawa a raina.

Na ce suna ne ya zo ɗaya. Na buɗe bayanin. “Ni ne injiniya mai kula da rukuni na uku.” Shekarar haihuwa tasa, makaranta tasa, kamfanin gadojin da yake yanzu nasa. Na gangara sakin layi na sha tara: “Na tabbatar abin da na rubuta a shafin ranar sha huɗu gaskiya ne.” A ƙasa, bayan kalmomin rantsuwa, ga tsutsar nan kwance.

Ban yi kuka ba. Wata takwas kowannenmu yana riƙe amanar aikinsa da kyau, har muka riƙe ta ta kai mu ga wannan. Babba ta fita taro sai gobe. Na sa takalmi, na manta jakata sai da na dawo daga bakin lif na ɗauka.

Na isa gida ana kiran magariba, na tarar falon ya canza kama. An sa sabbin labule ruwan madara, an ɗauke tsohuwar kujerar Abba mai lotsattsen hannu an kai ta baya, ƙamshin turare har ƙofar gida. Gwaggo, ƙanwar Abba, wadda ba a taɓa taro a danginmu ba ta zo da kwana biyu kafin lokaci ba, tana tsakiyar kafet tana goge kofunan baƙi.

“Ga amarya, ga amarya!”

“Gwaggo, ba a kai nan ba tukuna.”

“Ke rufe mana baki, mu da muka fid da rai. Na ce wa uwarki in wannan ma ya gudu sai dai mu ɗaura miki da kwali.”

Umma ta leƙo daga ɗaki. “Zo ki gwada, tela ya ce in da gyara a mayar masa da safe.”

Leshi ne ruwan zuma, da ƙananan duwatsu a wuya da bakin hannu, da mayafinsa mai shara-shara, wai ko kawunnan za su ce a kawo ni su gan ni. Na sa. Umma ta tsaya bayana a gaban madubi tana daidaita mini kafaɗa, tana ja nan tana sakin can. Can sai hannunta ya tsaya. Na ga idonta ya ciko.

“Alhamdulillahi. Wallahi na ɗauka ba zan ga ranar nan da idona ba.”

Da duka ta kai mini da ya fi mini sauƙi.

Na shige ɗakina da leshin a jikina na zauna bakin gado. Waya na ta haske.

“Kin yi shiru.”

“Ko Gwaggo ta ƙwace wayar?”

“Takalmin ne bai yi ba? Faɗa mini gaskiya, zan iya ɗauka.”

A nan zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai Babba. Na buɗe wajen rubutu na rubuta, “Ka tuna maigadi ma yana da littafi.” Kalma bakwai. Da na tura, da ya gane, da gobe ya je wajen lauyoyinsu ya gyara bayaninsa kafin a kama shi. In kuwa aka kama shi a gaban masu hukunci da ƙarya bayan rantsuwa, maganar ba a ɗakin za ta tsaya ba, har hukumar injiniyoyi sai ta kai, kuma lasisinsa ne zai tafi. Ba wanda ya san sunan wanda zan aura a ofishinmu. Wa zai sani? Yatsana yana kan alamar turawa. Ina sonsa, 'yan uwa, son da ban yi wa waɗancan biyun ko rabinsa ba. Kuma ina jin haushinsa kamar in shaƙe shi, don me mutumin da ya damu da cikin leburori zai zauna ya tsara shafin nan?

Na goge kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Na kashe wayar na sa ta cikin aljihun tebur.

Washegari ƙarfe takwas ina tsaye a ofishin Babba. Tana shan shayi ba madara, tana karanta bayanin shaida na huɗu da jan biro a hannu.

“Kin ga sakin layi na sha tara? Ya kawo kansa.”

“Ranki ya daɗe, akwai magana. Shaida na huɗu shi ne wanda zan aura. Gobe manyansa za su zo gidanmu.”

Ta ajiye kofin a hankali.

“Zauna. Kin taɓa yi masa maganar shari'ar nan?”

“Ko sunan tashar bai taɓa ji a bakina ba.”

“Tun jiya ƙarfe huɗu kun yi magana?”

“A'a. Na rubuta saƙo, ban tura ba.”

“Me kika rubuta?”

Na faɗa mata. Ta rufe ido na ɗan lokaci, ta buɗe.

“Da kin tura, da yau ni da kaina zan kai ki gaban hukumar lauyoyi ina kuka. To ji nan. Daga yanzu kin fita daga shari'ar. Katinki ba zai ƙara buɗe ɗakin fayil ba. Kafin sha biyu zan rubuta wa masu tashar da lauyoyin can da masu hukunci, su ji daga bakinmu kafin su ji a wani wuri.”

Wata goma sha huɗu suka tafi a numfashi ɗaya. Na ce, “Tambayoyin fa?”

“Suna nan yadda kika tsara su. Ni zan yi masa.”

Na san yadda Babba take tambayar shaida. Ba ta ɗaga murya, har ruwa take zuba wa mutum da hannunta.

“Saura ɗaya,” ta ce. “Ba ke ba shi har sai ya sauka daga kujerar shaida. Sati goma sha ɗaya. Ba kira, ba saƙo, ba aike.”

“Ranki ya daɗe, gobe fa…”

“Na ji gobe. Yarinya, duk sirrin masu tashar yana cikin kanki. In ya canza kalma ɗaya a bayaninsa alhali kuna magana, ba mahaluƙin da zai yarda ba ke kika tsegunta masa ba. Ke ki rasa lasisi, shi kuma ko gaskiya ya faɗa ta zama sayayya. In akwai abin da zai gyara, bari ya gyara shi kaɗai, a san nasa ne.” Ta jawo takarda ta yi layi uku ta miƙo mini. “Minti goma na ba ki yau, da mutum na uku a wurin. Abin da ke nan kawai za ki faɗa.”

Har na kai ƙofa ta ce, “Madalla da kika zo.” Shekara biyar ina jiran kalmar nan, ta zo ranar da ba ta da ɗanɗano.

Da azahar na koma gida na same su a falo, na durƙusa gaban Abba na ce a ɗaga zuwan baƙi zuwa bayan sati goma sha ɗaya.

Kofi ya suɓuce daga hannun Gwaggo. Umma ta miƙe tsaye.

“A ɗaga me? Me ya faru?”

“Umma, maganar aiki ce, ba ni da izinin faɗa.”

“Aiki! Aikin ne zai aure ki? Na uku ke nan fa! Mutane sun guge kaya, na gaya wa duk dangi, ki zo ki ce mini ba ki da izini? Ni da na haife ki sai an ba ki izini a kaina?”

“Ai na faɗa,” in ji Gwaggo. “Yarinyar nan takarda ta shanye ta.”

Abba ya ɗaga hannu, suka yi shiru. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma shi kaɗai yake kirana Lauyar Gida.

“Lauyar Gida, laifi kika yi?”

“A'a, Abba.”

“Shi ya yi?”

In na ce a'a, ban sani ba. In na ce e, na fasa sirrin shari'a, kuma ban ji ta bakinsa ba. Na ce, “Abba, ba zan iya amsa wannan ba.”

Na ga fuskarsa ta canza, na san rashin amsar nan nawa ya ɓata Siminti a idon Abba fiye da duk abin da zan iya faɗa. Ya ce, “To. Zan kira kawun nasa.” Umma ta shige ɗaki ta rufo ƙofa, ina jin kukanta ta bango.

Yaya na roƙa ya zama na ukunmu. Da la'asar ya ajiye motarsa a filin ajiye motoci na ofishinmu, ƙarƙashin wata bishiya, yana gaba ina baya. Na yi masa bayanin ƙa'ida: in ɗayanmu ya fara maganar shari'a, ya hana. Ya ce, “Ni dai tunda nake ban taɓa ganin zance da alƙalin wasa ba.” Ya saita minti goma a wayarsa ya jingina ta jikin gilas.

Siminti ya zo kai tsaye daga wajen aiki, da rigar nan mai kyalli da takalmin fili duk busasshen taɓo. Ya shiga gaba ya rufe ƙofa. Bai juyo ba, ta madubi yake kallona. Idonsa ya yi ja.

“Lauyoyinmu sun kira ni sha biyu da rabi,” ya ce. “Wata takwas ina tambayarki aikin can.”

“Ni ma wata takwas ina tambayarka.”

Na buɗe takardar Babba na karanta kamar mai sanarwa a rediyo. “Na yi aiki a kan shari'ar da za ka ba da shaida a cikinta, kuma yau an cire ni. Ba zan yi magana da kai ta kowace hanya ba har sai ka gama ba da shaida. Wannan ba hukunci ba ne a kan abin da ke tsakaninmu.”

Ya saurara har na gama. Sannan ya juyo gaba ɗaya, ya dafa bayan kujera.

“Ki saurare ni. Ranar sha huɗun nan, abin da ya faru shi ne…”

“Kada ka faɗa!” Na toshe kunnuwana da hannu biyu. “Duk abin da ka faɗa mini sai na kai wa shugabata, wallahi sai na kai!”

“Minti ɗaya kawai, ki ji daga bakina kafin…”

Yaya ya danna hon ya riƙe. Tsuntsaye suka watse daga kan bishiyar, maigadin ofis ya taso da gudu, Yaya ya ɗaga masa hannu. Da ya saki sai ya ce, “Yi haƙuri, abokina. Aikin da aka ba ni ke nan.”

Siminti ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji, ya shafa fuskarsa da tafin hannu. Ya koma ya zauna daidai. Wayar Yaya ta nuna saura minti uku.

“Shi ke nan, ba zan yi maganar shari'a ba. Kawu ya kira ni, na ce masa daga wajena matsalar take, kada su ga laifinki.” Ya dube ni ta madubi. “Tambaya ɗaya gare ni, ba ta aiki ba ce. In na fito daga ɗakin nan ba lasisi, ba aiki, ba wanda zai ƙara ce mini injiniya, in na kira ki za ki ɗaga?”

'Yan uwa, amsar tana kan harshena. E ce. Ko da ya yi abin da nake zargi, in dai ya faɗa da bakinsa, e ce. Amma ni na san abin da zai yiwu a yi da wannan e ɗin. Lauyar masu tashar ta yi wa shaidan 'yan kwangila alkawarin aure in ya fito ba lasisi. Duk gaskiyar da zai faɗa bayan nan, za a ce da ni aka biya shi. Na dubi takardar, ba layi na huɗu.

Na yi shiru. Yana kallona ta madubi, ina kallon takarda, hawaye na ɗiga a kan rubutun Babba. Wayar Yaya ta yi ƙara.

“To,” ya ce a hankali. “Na gode.”

Ya buɗe ƙofa ya fita. Ya nufi bakin titi yana tafiya kamar wanda ya tashi daga jinya.

Yaya ya juyo, ransa a ɓace. “Ke wace irin mutum ce? Ina ganin amsar a fuskarki. Ni ba lauya ba ne, ba wanda ya ba ni takarda. Bari in bi shi in gaya masa.”

Har ya kama marfin ƙofa na riƙo hannun rigarsa.

“Yaya, in ka faɗa masa, ni na faɗa. Don Allah tayar da mota.”

Ya yi tsaki ya murɗa makulli. Muna fita daga filin na waiga ta gilashin baya, na hango shi tsaye bakin titi, kansa a sunkuye kan waya. Tawa ta yi motsi a cinyata. Siminti. Farkon saƙon ne kawai ya fito a fuskar wayar: “Ko ba ki amsa ba, ranar Litinin zan je wajen lauyoyinmu in…”

Ban buɗe ba. Na miƙa wa Yaya wayar ta saman kafaɗarsa, na ce ya tsaya gefen titi ya toshe lambar da hannunsa, don nawa hannun ya ƙi.